Thierry Sabine da Bishiyar Tenere

Mu ƴan Bana ba mu taɓa ganin Thierry Sabine ido da ido ba, a rediyo muka san shi. Duk watan Janairu, idan hunturu ya kankama, mukan kewaye akwatin rediyon malaminmu muna sauraron labarin tseren Paris-Dakar: wa ya iso Agadas, wa ya ɓace a Tenere. Washegari sai mu ƙera motocin kara, mu yi ta gudu a ƙarƙashin giginyu, kowa yana cewa shi ne Sabine. Motocin da muka sani su ne manyan nan masu tasowa daga Kwatano, su haye gadar Gaya da kaya niƙi-niƙi, tafiya kamar ta hawainiya. Jin cewa akwai motar da ke keta rairayi ba hanya ya isa ya hana yaro barci.

Abin da ya sa ya shiga raina shi ne yadda ya fara. A 1977 ya ɓace bisa babur a hamada, lokacin tseren Abijan zuwa Nice, da ƙyar aka ceto shi. Wani da ya sha wannan wuya ba zai ƙara waiwayar Sahara ba. Shi kuwa sai ya koma ya gayyato jama'a. Ranar 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka bi ta Agadas da Yamai, 74 kacal suka isa Dakar.

Ranar 14 ga Janairu 1986, jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a ƙasar Mali. Mutum biyar suka rasu, har da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya zo aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. Sabine yana da shekara 36. Na yi kuka kamar ɗan'uwana aka rasa. An ƙone gawarsa bisa al'adar da ba tamu ba, aka watsa tokar a gindin wata bishiya tilo a Tenere, wadda ake kira da sunansa.

Sai dai so ba ya hana faɗin gaskiya. Tseren da ya kafa ya ci rayukan talakawan bakin hanya. A 1988 wata motar tsere ta kashe yarinya ƴar shekara 10 a Kita, ƙasar Mali, kuma ba ita kaɗai ba ce. An soke tseren 2008, aka mai da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Har gobe ina girmama jarumtar Sabine. Amma shi baƙo ya samu bishiya a taswirar ƙasarmu, yaran da aka take ba su samu ko dutse ba. Malamin da zai ba ɗalibai labarinsa, ya haɗa da nasu.