Maho a Jikin A-kori-kurar Kawu

Cikin kalmomin da Bahaushe ba ya so a jingina masa akwai maho. Idan aka ce rigar mutum duk maho ce, to an gama bayyana halin aljihunsa, shi ya sa wanda ya sa irin wannan riga yakan yi ta jan hannunta yana ɓoye wurin. Amma ni, 'yan'uwana ɗalibai, ina so in tsaya wa maho a wannan fitowa ta mujallarmu, domin kuwa akwai wani maho da yake da hannu cikin kuɗin rajistar da na biya bana. Mahon da nake nufi na ƙarfe ne, yana nan a jikin wata tsohuwar mota.

Motar kuwa a-kori-kurar kawuna ce, Peugeot 404, wadda ya gada daga kakanmu. Ita wannan 404 ta fara fitowa a Faransa cikin 1960, sa'an nan bayan an buɗe masana'antar haɗa Peugeot ta Kaduna cikin 1975 sai ta cika hanyoyinmu, har ya zama babu kasuwar ƙauyen da za ka je ba ka ga irinta ba. Yanzu an daɗe da daina ƙera ta. Tamu ta girme ni nesa ba kusa ba, amma har gobe ita ce ke ɗauko hatsi daga ƙauyukanmu zuwa Dawanau, ta komo da taki da gishiri da sauran kayan masarufi. Tun rasuwar mahaifina, abin da take kawowa shi ne cinmu, shi ne kuma kuɗin makarantata da na ƙannena.

Ƙarshen daminar bara ta zame cikin laka ta goga wa wani kututture, madigadin gaba na hagu ya lotsa. Madigadi, ga wanda bai sani ba, shi ne ƙarfen nan da ya yi wa taya rumfa, mai tare laka da tsakuwa. Lotsawa kaɗai ba wani abin tashin hankali ba ne, 'yar guduma ta isa. Sai dai da aka wanke wurin, sai aka tarar ƙasan madigadin, can bayan taya, ya zama kamar tsohon rariya. Fenti ne kawai ya riƙe shi. Dalili kuwa a fili yake. Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, kuma wannan lungu shi ne matattarar laka. Laka ta kwana wata huɗu a jiƙe kowace shekara, ga kuma takin zamani da gishiri da ke zuba a inda ake loda ta, su kuwa ƙara wa tsatsa gudu suke yi. Ta haka ƙarfe ke ruɓewa daga ciki alhali waje yana sheƙi.

Na yi dace ina hutu, sai Kawu ya ce in raka shi wajen wani dattijon fanal-bita a cikin Kano. Mutumin ya zagaya motar, ya tsuguna, ya ɗauki sukundireba yana ƙwanƙwasa wurin yana saurare. Inda ƙarfe ke da rai sai ya yi ƙara ras, inda ya mutu sai ka ji duf, wani wurin ma sukundireban ya huda ya wuce. Da ya miƙe sai ya ce, “Alhaji, hanya uku ce. Ko a nemo wani madigadin, ko a cika da fila, ko a yanke a sa maho.”

Ta farko mun riga mun gwada. Mun yini a Ƙofar Ruwa muna neman na gwanjo, guda biyun da muka samu duk sun ruɓe a daidai wurin da namu ya ruɓe, tun da ciwon iri ɗaya ne. Ta biyu ita ce mai sauƙi. Fila wani ƙulli ne da ake kwaɓawa da ɗan magani, a shafa, cikin ɗan lokaci ya daskare, a goge da samfefa a fesa fenti. Kafin la'asar mota ta fita tana walƙiya. Ta uku kuwa kwana uku ce cur, kuɗinta ya ninka na fila, ga shi kaka ta kawo jiki, kowace ranar da motar ta yi a gareji wani ne zai ɗauki lodin da ya kamata ta ɗauka. Ni kuma saura mako uku a rufe rajista.

Kawu ya yi shiru yana lissafi, sa'an nan ya ce, “Malam, in taka ce, yaya za ka yi?” Dattijon ya ce, “Alhaji, in sayarwa za ka yi, akwai masu yi maka fila a nan kusa, ni dai ba na yi a kan rami. In kuwa ci za ka yi da ita, to fila a kan tsatsa kitso ne da ƙwarƙwata. Ruwa zai biyo ta baya, damina ɗaya ya kumbura ya tsage, ka dawo ramin ya ninka.” Kawu ya dube ni, ya dubi motar, ya ce a yanke.

Kwana ukun nan a garejin na yi su, kuma ga abin da idona ya gani. Da farko aka cire taya da batir, aka janye wayoyin da ke kusa, aka tabbata babu fetur inda tartsatsi zai kai. Aka kankare fenti har farin ƙarfe ya bayyana. Maigidan ya zana layi da alli, ya wuce iyakar tsatsa da kamar yatsa biyu ta kowane gefe, domin ya ce wuta ba ta kama mataccen ƙarfe, narkewa yake yi ya bar ka da rami. Bai yi wa zanen kusurwa mai tsini ba, sai ya lanƙwasa ta, wai zafi yakan taru a tsini ya murɗe wurin. Da aka yanke, sai ga taga a jikin motar wadda ta fi tafin hannuna biyu. Na ga fuskar Kawu ta canja, don kuwa ramin ya fi wanda muka kawo girma.

Daga nan sai ya ɗora kwali a kan tagar, ya shafa gefen da yatsa mai baƙin mai har siffar ta fito, ya yanke kwalin da almakashi kamar tela. Ƙarfen mahon daga ƙofar wata matacciyar Peugeot aka ciro shi, saboda kaurinsu ya zo ɗaya, watau kusan milimita 1. Na tambaye shi me ya hana a yi da kwanon rufi, ga shi ko'ina. Ya ce, “Ɗana, kwano ya yi sirara, kuma abin da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa, in wuta ta taɓa shi hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.” Ya ɗora farantin a kan wani kututture mai kwarmi kamar turmi, yana bugu kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe har ya ɗauki lanƙwasar madigadi. Bakinsa kuma ya naɗe shi a kan guntun ƙarfen dogo, domin wannan naɗin shi ke ba siririn ƙarfe ƙarfi. Ya gwada ya rage, ya gwada ya rage, ya fi sau goma, har mahon ya zauna cikin tagar baki da baki. Ya ƙi ɗora shi a kan tsohon ƙarfe, ko da yake hakan ya fi sauri, wai tsakanin ƙarfe biyun nan ruwa zai sami wurin kwana.

Rana ta biyu aka yi walda. Irin ta gas ce, wadda ake zuba wa kabaid ruwa ya ba da iska mai ci, a haɗa ta da oksijin, harshen wutar ya wuce digiri 3,000. Wanda bai sani ba zai zaci za a ja wuta ne daga wannan kai zuwa wancan. Ina! Siririn ƙarfe in ya sha zafi buɗewa yake yi, in ya huce ya tsuke, sai ka ga gefen mota ya yi tudu da kwari. Saboda haka ɗigo-ɗigo ya riƙa yi, ya ɗiga nan, ya tsallaka can, ya dakata ya huce. Bayan kowane ɗigo sai ya sa dunƙulen ƙarfe ta baya, ya bubbuga da guduma ta gaba don ya miƙar da abin da ya tsuke. A haka ɗigon ya yi ta haɗuwa har ya zama layi guda. Wani yaronsa ya ƙosa ya ce, “Oga, a zuba ruwa mana ya huce da wuri.” Ko kallonsa bai yi ba, ya ce sannu ba ta hana zuwa.

Rana ta uku aka gurje layin waldar, ya rufe ido yana shafa wurin da tafin hannu, inda ya ji tudu ya taɓa da guduma. Fila ma ya sa, amma shafe ɗaya wanda bai kai kaurin farce biyu ba, don cike 'yan sawun guduma. Ya ce fila ba shi da laifi in an ajiye shi a matsayinsa. Sa'an nan ya kwanta ƙarƙashin motar ya shafe bayan mahon da jan fenti, ya bi da wani baƙi mai kama da kwalta, ya huda 'yar ƙofa a can ƙasa don ruwa ya sami mafita. Wannan aiki na ƙarshe babu mai ganinsa sai laka, amma ya ɗauke shi lokaci fiye da fentin waje.

A matsayina na ɗalibin Hausa, kunnena bai huta ba. Na lura in taya ce sai su ce faci, kalmar da muka aro daga Turanci, amma wannan dattijo maho yake cewa, kamar yadda tela da mai gyaran ƙwarya za su fahimta nan take. Na ji ana cewa ƙarfe ya mutu, ƙarfe ya ja, ƙarfe ya gaji, wuta ta ci, kai ka ce a maƙera kake. Lalle mota baƙuwa ce, amma hannun da ke gyara ta da bakin da ke bayyana gyaran sun gaji na maƙeranmu. Mu da muke neman abin da za mu rubuta kundi a kansa, ga fage nan a buɗe a bayan kowace tasha.

Motar ta rasa lodin kwana uku, na kuma biya rajista ana saura kwana biyu a rufe, da ɗan bashin da Kawu ya ci ya biya da kaka. Damina ta sake zagayowa ta wuce, wurin bai kumbura ba. Kawu ya ce duk mai son sanin gaskiyar tsohuwar mota ya tafi da maganaɗisu, inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cika da fila zai faɗi. Na gwada a jikin tamu, ya kama a kan mahon nan daram. Shi ya sa nake ganin mai maho ba shi da abin jin kunya, tun da ya yarda ya duba ɓarnar har iyakarta, ya jure ganin ramin ya ƙaru kafin ya rufe. Allah Ya saka wa masu wannan sana'a da alheri, Ya sa mu gama karatunmu lafiya, amin.