Mage, Kare da Adon Kirsimeti



Mu mazauna Kudu, watan Disamba ba baƙo ba ne a wurinmu. A Agege ko Sabon Ibadan, tsakar gida ɗaya kake da Bayarabe ko Ibo. Su aiko mana da shinkafar Kirsimeti, mu aika musu da naman layya. To amma akwai maƙwabtan da ake mantawa da su: magen da ke kore mana ɓera, da karen da ke gadin ƙofa. Su dai ba su san ɗakin wane da na wane ba, inda suka ga ƙofa a buɗe nan suke faɗawa.

Ita bishiyar, tunda yawanci ta roba ce a nan, ba ta cika damuna ba. Abin da ake rataya mata ne matsalar. Zaren ƙyalƙyalin nan, mage ba ta iya ganinsa ta ƙyale. In ta haɗiye, sai ya tattare mata hanji, har ya iya yanka shi. Kada ka ja zaren in ka ga ya leƙo ta baki ko ta dubura, a garzaya da ita wurin likitan dabbobi. Wayar fitilu kuma, ɗan kwikwiyo zai tauna, wuta ta ja shi. Cakulan ma guba ne ga kare.

Sai furanni. Mutane na tsoron fonsetiya, mai jajayen ganyen nan 'yar asalin ƙasar Meziko, alhali galibi iyakarta dalalar miyau da amai. Wadda ke kisa ita ce lili, da ake sakawa a damin furen kyauta. Ganyenta, garin furenta, har ruwan kwalbar da aka tsoma ta, duk suna lalata ƙodar mage. In aka wuce awa 18 ba magani, da wuya ƙodar ta farfaɗo, kuma cikin kwana 3 tana iya mutuwa.

Ni abin da nake yi, tun farkon wata nake shiga wurin maƙwabciyata mu gaisa, in ce, "Mama, don Allah a ɗaga ƙyalƙyalin nan sama, a riƙa jawo ƙofar falo." Ba ta taɓa ɓata rai ba. Tawa magen kuwa, a ɗaki take kwana har a kwashe kayan ado.

Dabbar da ka ajiye amana ce, kuma ba ta da bakin da za ta ce cikinta na ciwo. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.