Tsofaffin coci-cocin ƙauyukan Ingila

Duk wanda ya je Ingila, labarin Landan yake kawo mana: jirgin ƙarƙashin ƙasa, kantuna, sanyi. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsofaffin coci-cocin ƙauyukansu. Na san wani zai ce me ya kai Musulmi coci? To, ba ibada ta kai ni ba. A can, idan kana son sanin tarihin ƙauye, nan ne wurin da za ka same shi, kuma da yawansu ƙofa a buɗe take da rana, ba mai tambayarka daga ina.

A arewacin ƙasar akwai wani ƙaramin coci a Escomb da aka gina wajen shekarar 675, da duwatsun da aka kwaso daga tsohon sansanin sojan Rumawa. Ƙarami ne, tagoginsa 'yan mitsi-mitsi. Ban daɗe a ciki ba.

Inda na daɗe shi ne Fairford, a yankin Cotswolds. Wani attajiri mai fataucin ulu, John Tame, shi ya sake gina cocin a ƙarshen ƙarni na 15, ya rasu a 1500. Tagogi 28 ne na gilashi mai launi, kusan dukkansu na asali, wanda abu ne mai wuya a Ingila domin an farfasa irinsu da yawa lokacin rigingimun addini. A yaƙin duniya na biyu cire su aka yi aka ɓoye, aka mayar bayan an gama. Babbar tagar yamma hoton ranar hisabi ce yadda suke ɗaukarta, da shaiɗanu jajaye da shuɗɗa suna jan mutane. A wancan zamani yawancin manoma ba su iya karatu ba, sai su karanta wa'azin a jikin gilashi. Kuma wai jama'a, a maƙabartar cocin har kyanwa an yi wa dutsen tunawa, Tiddles, wadda ta zauna a wurin daga 1963 zuwa 1980. Bature ke nan.

John Tame ya tuna mini attajiranmu na Sabo a Ibadan, masu goro da shanu. Kuɗin fatauci ne ya gina wancan, kuɗin fatauci ne ya gina masallatanmu a kudu. Bambancin shi ne rubutu. Tun 1538 aka wajabta wa kowane cocin Ingila ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Shi ya sa mutum zai taso daga Amurka ko Ostareliya ya gano kakansa na takwas. Ni kuwa kakana ya zo Ibadan da ƙafa, bayan shanu, amma ba wanda zai iya faɗa mini shekarar. Dattawan da suka sani sun kusa ƙarewa.

Kada dai a ɗauka komai lafiya lau yake a can. Na shiga wani coci mai ɗaukar mutum ɗari biyu ko fiye, wata tsohuwa tana jera furanni ta ce mini ranar Lahadi ba su cika goma sha biyu ba, limaminsu kuma ƙauyuka da dama yake zagayawa. Wasu an daina ibada a cikinsu kwata-kwata. Wata ƙungiya da aka kafa a 1969, Churches Conservation Trust, tana kula da fiye da 350 irinsu. A jikin bangon akwai allon sunayen samarin ƙauyen da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, uku daga ciki sunan gidansu ɗaya. Na tambaye ta ko danginsu suna nan. Ta ce a'a, sun daɗe da tashi, amma ita take goge allon duk wata.