Kafin Wata Ya Cika: Kwana Bakwai a Dandalin Kutemeshi

Litinin, 9 ga Disamba, 2024

Na iso da la'asar sakaliya, ƙura har cikin kunne. Kusan shekara huɗu rabona da kwana a garin nan. A mota hira ɗaya ake yi: kwana goma sha ɗaya ke nan da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, ya kuma buɗe kasuwar kara da ta yi wajen shekara goma a rufe. Wasu na hamdala, wasu na cewa a dai juri zuwa rafi.

Kafin in shiga gida na tsaya a dandali. Da ƙyar na gane shi. Busasshiyar tafasa ta kai gwiwa, kututturen da dattawa ke zama a kai gara ta ci rabinsa. Tsamiyar ce kawai ba ta canza ba.

Talata

Na tambayi Kawu wanda ya hana zaman dandali. Ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce, "Kai yaro, wa zai hana? Taro ai shi ake hangowa daga nesa. Mutum ɗaya a gona ɗauke shi ake yi, amma mutum talatin a fili ɗaya, wannan gayyata ce."

Sai ya shiga lissafo min yadda abin ya mutu, ba dare ɗaya ba. A Fabrairun 2021 aka shigo garin nan aka kashe mutum 14. Daga baya a shekarar gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Igabi da Kajuru, ta hana hawa babur, ta sa aka yanke layin waya, wai don a toshe wa ɓarayin daji hanyar abinci da mai. A 2022 kuma ƙungiyar BEPU ta 'yan masarautar Birnin Gwari ta fito ta koka cewa 'yan Ansaru sun hana taron siyasa a gabashin Birnin Gwari, wato ɓangarenmu. Mai bindiga ya hana, mai hukuma ya hana, mai wa'azin daji ya hana. Ɗaurin aure ya koma cikin zaure, a shafa fatiha a watse. Suna ba kiɗa. Ko gaisuwar mutuwa a tsaitsaye ake yi.

Ni da ke Kaduna, duk shekarun nan gawa da kuɗin fansa nake ƙirgawa. Ban taɓa sa dandali a lissafin asara ba.

Laraba

An taru a zauren dagaci bayan azahar kan yadda za a farfaɗo da dandali. Wani matashi da ya yi zaman birni ya fara: "Ranka ya daɗe, a zuba siminti, a yi bencina, a kafa fitilar sola. Ku je ku ga yadda aka gyara Dandalin Murtala a Kaduna." An yi dariya, amma ba ta raini ba. Wani dattijo ya ce shi fitilar ce ba ya so, don haske nuna wa mugu hanya yake yi. Aka yi ta ja-in-ja har liman ya duba rana.

Abin da ya raba gardamar daga cikin gida ya fito. Inna, ƙanwar mahaifiyata, ta aiko jikanta da saƙo: a gaya wa maza ita ba ruwanta da siminti, a share mata gindin tsamiya ta mayar da kaskon ƙosanta, in sun ji ƙamshi za su zo da ƙafarsu. Dagaci ya ce gobe gayya.

Alhamis

Fartanya, lauje, adda, tsintsiyar kaba. Ba ganga, don makaɗin garin ya koma Funtuwa tun ana tsakar wahala bai dawo ba, sai samari suka yi ta buga jarka. Mata sun aiko da kunun tsamiya a bokiti biyu. Hannuna ya yi kanta kafin hantsi, yara na ta yi min dariyar ɗan birni.

Wajen kusurwar masallaci wani yaro ya tono kwanson harsashi guda uku. Ya sa a aljihu yana murna, zai yi usur da su. Ba wanda ya ce masa komai.

Juma'a

Yau ce ranar da ta fi tsaya min a rai. Bayan an sauko daga masallaci mai shayi ya kafa teburinsa a sabon filin. Can sai ga samari biyu daga daji, rawani ya rufe rabin fuska, ba bindiga. Suka yi sallama, suka ce a haɗa musu shayi da burodi. Kowa a wurin ya san ƙanen mai shayin na cikin waɗanda aka binne a 2021. Ban ce su ne suka kashe shi ba, shi ma bai ce ba. Ya haɗa, ya miƙa, ya karɓi kuɗi ya ba da canji. Hannunsa na rawa har cokali na buga kofi.

Da suka tafi na ce, "Yaya, ka yi ƙoƙari." Ya ce, "Ƙoƙarin me? An yi sulhu a Birni, ni ba a tambaye ni ba. Amma in na hana su shayi, gobe wa zai je gona?"

Ba na jin wannan yafiya ce, kuma ba na son a riƙa kiranta haka a rediyo. Haƙuri ne na wanda ba shi da zaɓi. Sai dai kafin magariba na ga ɗaya gefen. Wata tsohuwar Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono a gindin tsamiya, Inna ta ɗago ta gan ta, ta saki matsamin ƙosai. Ƙawarta ce ta tun suna 'yan mata. Shekara biyar ba ta tako gari ba, don tsoron 'yan sa-kai, kuma ita ma ta binne ɗa. Suka zauna a tabarma ɗaya suna kuka, ƙosai na ƙonewa.

Asabar

An kafa rumfuna huɗu da zana. Mai tsire ya zo, mai cajin waya ya zo. Ana idar da isha'i fili ya zama wayam, kamar an yi shara.

Lahadi

Farin wata ƙal, ana iya tsintar allura. Inna ta ce yau sai 'yan mata sun fito ko da za ta jawo su da hannu. Sun fito, su kusan ashirin, suka tsaya cirko-cirko. Sai a nan muka gane abin da ba mu yi zato ba: ƙananan ba su iya gaɗa ba. Yarinya 'yar shekara tara ba ta taɓa ganin an yi ba. Inna ta ɗaura zani a ƙugu, ta kira tsofaffi biyu, suka shiga tsakiya suna nuna tafi da yadda ake faɗawa hannun ƙawaye a cafe ka. Na farko da ta gwada ta faɗi ƙasa, aka kwashe da dariya, irin dariyar da na manta garin nan na da ita.

Ana cikin haka aka ji ƙarar babur daga yamma. Tafi ya tsaya cak. Na ga wata uwa ta riga ta damƙi hannun 'ya'yanta biyu. Ashe wani ne ya makara a gona, ya ɗauro buhun masara. Rabin mutane duk da haka suka shige gida, ban kuma ga laifinsu ba.

Mu goma sha wani abu muka rage. Mai shayi ya ƙara gawayi. Kawu ya gyara zama a kan guntun kututturen, ya ce in na koma Kaduna gobe in tambayo masa kuɗin fitilar solar nan, ƙarama dai, wadda ba ta cika haske ba.