Garin Neman Gira

Shekara biyu ke nan da muka sayi ɗan madubin hangen taurari, muka kuma haɗa da wani ƙaramin gilashi da ake kira Balo. Sunan ya samo asali ne daga Peter Barlow, masanin lissafi na ƙasar Ingila wanda ya rasu a 1862. Gilashi ne mai kwarmin ciki da akan zura a bayan gilashin da ake ɗora wa ido, sai ya ɗan baza hasken da madubin ya tattaro, ya tsawaita tafiyarsa kafin ya haɗu wuri guda. Alal misali, a madubinmu nisan nan milimita 900 ne, gilashin ido kuma mai milimita 25, wato abu kan girma sau 36. Da an sa Balo sai nisan ya koma 1800, girman ya kai sau 72.

Ba mu raina aikinsa ba. Da shi muka ga ɗamarar da ke jikin Mushtari, da 'yan watanninsa huɗu waɗanda Galileo ya hango a 1610. Sai dai ba a banza yake bayarwa ba. Haske kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka mai ɗaukar hoto sai ya bar idon kyamara a buɗe ninki huɗu. Iska kaɗan ta taɓa ƙafar madubin sai hoto ya yi ta rawa. Bugu da ƙari, ba ya ƙaro abin da bakin madubin bai tattaro ba tun farko.

Wata rana da dare a cikin hunturu, ƙaramar 'yarmu ta roƙi mu nuna mata Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda kakarta ta taɓa nuna mata a ƙauye. Muka saita madubi da Balo a ciki, muna taƙama. Ta leƙa, ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Baba, ina kazar? Taurari kawai nake gani."

Gaskiyarta. Fagen kallo ya ƙuntata da rabi, taron ya fi ƙarfinsa. Da muka zare gilashin sai ga su duka sun hallara, yarinya ta yi tsalle.

Daren nan barci ya ƙaurace mana, domin akwai kundin digirin wani ɗalibi a kan teburinmu, wanda muka mayar masa har sau uku. Duk shafi ja wur da biro: nan ba a sa lanƙwasar ɗ ba, can an raba kalma, can kuma waƙafi ya ɓata. Wa'adin miƙawa saura mako biyu, kuma da kuɗin noman mahaifinsa yake karatu. Muka tambayi kanmu abin da yaron yake faɗa game da waƙoƙin niƙan da ya tattaro, muka rasa amsa. Garin neman gira mun rasa ido.

Bayan sallar asuba muka ajiye jan biro, muka karanta kundin daga bango zuwa bango. Ashe a babi na huɗu akwai hujja mai ƙarfi kan yadda matan ke sakaya kuka da kishiya a cikin waƙa. Muka aika aka kira shi.

Ba mu jefar da Balo ba, jan biro ma yana nan, domin ƙa'idar rubutu ba abin wasa ba ce. Illa dai yanzu da ƙaramin ƙarfi muke fara kallo, sai mun ga taron duka kafin mu matso.