Rama Iri Biyu

A Kamazou, da mai ciwon suga ya faɗa, sai maƙwabta su fara tambaya: "Baba, lafiya kuwa?" Nakan ga tambayar da ma'ana, don ramar iri biyu ce. Ta farko: idan suga ya yi yawa yakan zube cikin fitsari, jiki ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Ga ƙishirwa, ga yawan fita bayi da dare, wando na saɓulewa.

Ɗayar kuwa nemanta ake yi: rage malmalar tuwo, barin lemon kwalba, tattaki da yamma a gefen titin Yakowa. A 2017, wani bincike a Birtaniya ya nuna kusan rabin masu ciwon suga nau'i na biyu da suka bi tsarin rage ƙiba, sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara guda.