Ƙwayar Gwaggo

Yau labarin gwaggona zan ba ku, wadda ciwon gaɓɓai ya dama shekara da shekaru, har sai a zaune ta ke salla.

Bara da hunturu ɗanta ya dawo daga Ingila da wata 'yar kwalba cike da fararen ƙwayoyi kamar tsabar gero. A jikinta an rubuta Rhus tox. Ya ce tana maganin sanyin ƙashi da ciwon baya da ƙuraje. Gwaggo ta yi ta sha, ta daina zuwa asibiti, har ta ware kuɗin adashenta don a aiko mata da wata.

Ni kuwa na shiga bincike. Ashe daga wani tsiro mai dafi na ƙasar Amurka a ke yin ta. Ganyensa uku-uku ne, kuma yawancin mutane in sun taɓa shi sai fata ta yi ƙaiƙayi da bororo. Hanyar haɗa ta sunanta homiyofati. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya fito da ita a 1796, bisa zaton abin da ke kawo ciwo shi ke warkar da irinsa.

To, ga lissafin. A ɗiga ɗigo 1 na ruwan ganyen cikin ɗigo 99 na ruwa, a girgiza. A ɗebi ɗigo 1 daga nan a sake, har sau 30. Daga wajen na 12 babu ko ɓurɓushin ganyen da ya rage. Ruwan nan a ke ɗigawa a kan ƙwayar sukari.

A 1983 likitoci a Ingila sun gwada ta a kan masu ciwon gwiwa da ƙugu, ba ta fi maganin bogi ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta ce babu cutar da aka tabbata homiyofati na warkarwa.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, sukari ki ke sha."

Ta ce, "Ke yarinya, ai na ji sauƙi!"

Gaskiyarta. Amma ciwon nan dama yakan lafa ya kuma tashi. Da ya tashi, yatsunta suka kumbura har ba ta iya riƙe muciya. Na lallashe ta muka koma asibiti. Likita ya ce irin nata yana cin gaɓa, jinkiri ya kan bar ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Sukarin bai cuce ta ba, watannin da ta zauna ne suka cuce ta. Don haka ku 'yan makaranta, in an kawo magani gidanku, ku karanta wa iyayenku, ku tambayi likita, cikin ladabi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.